Gwaggo Habi da Ƙofofin da Ke Rufe Kansu

Shekara takwas ke nan da aka kai Gwaggo Habi makwancinta a nan Jidda. Duk sanda watan rasuwarta ya zagayo nakan soya waina in raba wa maƙwabta, in yi mata addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni. Tsoro nake ji, kuma wadda na saba kai wa tsorona ita ce ke ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa na kawo muku shi.

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce. Ita ta riƙe ni tun ina ƙarama a Katsina, ita kuma ta zo da ni ƙasar nan. Aikinta shi ne kula da wani rubaɗi a unguwar Ammariyya. Ga wanda bai sani ba, rubaɗi gida ne na waƙafi da masu hali suka bari domin matan da ba su da inda za su sa haƙarƙarinsu. Akwai waɗanda miji da 'ya'ya suka mutu suka bari, akwai waɗanda suka zo aikin Hajji da ƙuruciyarsu suka zauna neman na kai har ƙarfi ya ƙare, gida ya manta da su, su kuma suna jin kunyar komawa hannu rabbana. Yawancin na gidanmu Hausawa ne, sai 'yan Barno kaɗan.

Kada wani ya ɗauka waliyyiya nake ba da labari. Gwaggo gajeruwa ce mai faɗan tsiya, kuma gishiri ya yi wa miyarta yawa tun da na san ta, har ta koma ga Allah ba a sami mai ƙarfin halin gaya mata ba. Amma ta san halin tsofaffin matanmu, ta san abin da ke kashe su tun kafin ajali ya zo.

Na fara gane haka ne a kan Inna Kulu, wata 'yar Damagaram da ta yi shekaru tana sayar da gyaɗa a kasuwannin Balad, tsohon garin Jidda. Da ƙafa ta ƙi, kuɗin ɗaki ya gagare ta, sai ta koma kwana a kan kwali a bayan wani shago. Gwaggo ta yi ta yi mata sintiri har ta yarda ta biyo ta. Aka ba ta ɗaki da katifa. Shinkafar da masu sadaka ke aikowa kuwa, yadda na ajiye mata a bakin ƙofa haka nake zuwa in ɗauke. Na ce wa Gwaggo matar nan ba ta da lafiya, mu kai ta asibiti. Gwaggo ta harare ni ta ce, "Lafiyarta lau. Matar da ta ci da kanta tun ba a haife ki ba kike ajiye wa abinci a bakin ƙofa kamar mage?"

Washegari ta ɗauki ɗan risho da garin kuka da daddawa ta shiga ɗakin. Ina daga waje na ji tana cewa, "Kulu, wai an ce ku 'yan Damagaram kun fi mu iya miyar kuka. Ni dai ban taɓa gani ba." Inna Kulu, da ko gaisuwa da ƙyar take amsawa, ta miƙe da masifa. Kafin azahar sai ga kwanon miya ta aiko wa Gwaggo. Gwaggo ta juye, ta wanke kwanon, ta cika shi da shinkafar nan dai ta sadaka, ta mayar mata. Inna Kulu ta cinye tas, domin yanzu ciyayya ce tsakanin maƙwabta, ta bayar an ba ta.

Haka Gwaggo ke tafiyar da gidan duka. Kowace mace tana da abokiyar ciyayya. Ko kunu ne kika dama, ko ɗanwake, ko ruwan zafi da ganyen shayi, sai kin kai wa taki da hantsi, ita kuma ba ta mayar miki da kwano fayau. Gwaggo na zaune a tsakar gida tana tsintar shinkafa, ido na kan ƙofofi. Ɗakin da kwano bai fito ba, ko ya shiga bai dawo ba, can za ka ga ta nufa tana jan takalmi tana mita. A duk zamanta a gidan nan ba matar da ta faɗi a makewayi ta wuni a ƙasa, ba kuma wadda ta cika ba tare da an sani ba. Wadda ta rasu da safe, ƙawayenta ne ke wanke ta da ɗuminta, a sa mata likkafanin da ta jiƙa da zamzam ta adana a ƙasan akwati. Tsofaffin nan ba mutuwa suke tsoro ba, sun daɗe da shirya mata. Abin da ke hana su barci shi ne a rasa mai wanke su.

Da Gwaggo ta rasu ni na gaji aikin. Gidan kuwa ya riga ya tsufa, bango duk ya tsattsage, har rufin wani ɗaki ya rufto a wani ruwan sama, Allah Ya sa ba kowa a ciki. Aka ce dole mu tashi, kuma gaskiya aka faɗa. Wata ƙungiyar agaji ta karɓe mu, ta kai mu wani sabon bene a Kurayyat. Ba zan yi butulci ba. Kowace mace da ɗakinta da makewayinta, ga mukayyif na hura sanyi, ga na'urar hawa bene saboda masu ciwon gwiwa, ga likita na zuwa duba su. Sai dai an hana girki a ɗaki saboda gobara, kuma ba zan ga laifinsu ba, domin ni da hannuna na taɓa kashe wuta a zanen wata tsohuwa da ta yi gyangyaɗi kusa da risho. Abinci yana zuwa a robobi, a rataye wa kowa nata a hannun ƙofa. Ƙofofin kuma na ƙarfe ne, irin waɗanda da ka saki suke komawa su rufe kansu ƙyas.

Sau da yawa nakan tambayi kaina me Gwaggo za ta ce da ta ga wurin. Na san za ta fara yaba makewayin, don ta sha wahalar ɗaukar bokiti. Daga nan ta tsaya a tsakiyar barandar nan mai tsawo, ta shaƙi iska, ta ji ba ƙamshin daddawa, ba mai tari, ba mai faɗa da wata a kan igiyar shanya. Sai ta juyo ta ce da ni, "Ke Rabi, ina mutanen?"

A hutun Babbar Sallar da ta wuce aka kwantar da ni a asibiti saboda gwiwata. A hawa na uku akwai Ya Fanna, 'yar Barno, mai ƙarancin magana, kunnenta ma ya yi nauyi. Ba ta kunna mukayyif, ta ce sanyinsa na shiga mata ƙashi. Robobin abinci suka yi ta taruwa a hannun ƙofarta, ba wanda hankalinsa ya tashi, domin rabin matan gidan haka suke barin nasu. Abincin sadaka ne, sai yunwa ta kai su bango suke taɓawa. Wari ne ya gaya wa maƙwabtanta. Ranar da na dawo da sanda a hannu aka buɗe ɗakin. Ba zan rubuta abin da na gani ba. Abin da zan faɗa kawai shi ne Ya Fanna ba ta wanku ba, taimama aka yi mata. Ba ta da iƙama, wato takardar zama, don haka ta daɗe a ɗakin ajiye gawa kafin a gama bincike a ba da izinin binne ta. Likkafanin zamzam ɗin da ta yi shekaru tana shanyawa tana ninkewa, a kan leda aka naɗa shi.

Tun daga ranar tsoro ya shigo gidan ya zauna. Tsofaffi suka fara cusa takalmi a bakin ƙofa don kada ta rufe. Shugabar da ƙungiyar ta naɗa wa gidan, Abla Samira, tana bi tana cirewa, domin dokar kashe gobara ta ce ƙofofin su kasance a rufe. Yarinya ce mai kirki, jikar mutanenmu ce, a nan aka haife ta, tana jin Hausa amma bakinta ya fi sakewa da Larabci. Na same ta na ce a ba mu ɗaki ɗaya a ƙasa mu mai da shi madafa, kowa ta sauko ta dafa ɗan abin da za ta kai wa 'yar'uwarta. Idonta ya ciko ta ce, "Wallahi ya khala na fahimta. Sitti, kakata, ma haka take, ba ta cin abin da ba ta rama ba. Bas nizam ne, doka ce, sai an ba da izini daga sama." Ta kai maganar sama kamar yadda ta yi alkawari. Har yau muna jira.

Inna Kulu ce ba ta da niyyar jira. Ta tsufa tukuf yanzu, sai da bango take tafiya. Makon jiya na shiga gaishe ta na tarar ta ɗaure kayanta a zani, ƙullin na gefen katifa.

"Inna, ina zuwa haka?"

"Balad zan koma, bayan shagon nan."

"Haba Inna! Ki bar ɗaki da katifa ki koma kan kwali?"

"'Yar nan, a kan kwali in na mutu da safe, kafin azahar mai shago ya gan ni. Nan fa? Lokotoro ya duba ni ya ce zuciyata ta gaji. Kina so in yi irin ta Fanna?"

Na durƙusa da gwiwar tawa mai ciwo na yi ta roƙonta. Na ce kullum zan riƙa shigowa. Ta ce ai ranar Fanna ma da niyyar shigowa nake, ciwo bai yi shawara da ni ba. Gaskiya ta faɗa. Ni kaɗai ce ke lura da hawa huɗu, kuma ni ma ba yarinya ba ce. Ban haihu ba, zamana a ƙasar nan yana hannun kafili, wanda ya tsaya mini a takardar zama, kuma na san ɗaya daga cikin ɗakunan nan ni yake jira. Yanzu duk safiya in na tsaya a ƙofar Inna Kulu ina tsoron in buɗe in ga ba ta nan, ina kuma tsoron in buɗe in same ta.

Idan na auna abin da ya saura na Gwaggo Habi bayan shekarun nan, ba shi da yawa. Gidan da ta yi wa bauta an rufe shi da kwaɗo. Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar dukiya ba. Abin da ta bari shi ne tsofaffin da suka taɓa zama inda ake lura da fitowarsu, suka san daɗin haka, shi ya sa ɗaki mai sanyi bai ruɗe su ba. Ta kuma bar ni, da rabin faɗanta, ba tare da ko kwatan dabararta ba. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta, Ya ba mu madafar nan tun da sauran masu dafawa.

Ranar da na roƙe ta dai Inna Kulu ta yarda na kwance ƙullin, amma ta hana in mayar da kayan cikin akwati. Na miƙe zan fita sai ta kamo bakin mayafina.

"Rabi, ke za ki wanke ni?"

"Ni zan wanke ki, Inna, in Allah Ya sa ina raye."

Ta jinjina kai, ta sake ni.

"To ki riƙa zuwa da wuri," in ji ta. "Ki same ni ina wankuwa."