Kwanon Hajiya da Karen Inna

Baba bai yi wa kowa ƙarya ba a duk wannan sha'ani. Da wannan yake farawa har gobe idan aka tada zancen, ni kuwa da aka yi komai a gabana sai in kalli rufin ɗaki.

Karen na Inna ne, mahaifiyarmu. Ta tsince shi yana ɗan kwikwiyo a bakin kwata, bayan gidanmu a unguwar Runjin Sambo ta Sakkwato, ta kawo shi a cikin kwali. Baba ya yi faɗa har ya gaji, sannan ya yarda a bar shi da sharaɗin gadi zai yi, kuma ba zai taka ko bakin ɗaki ba. Gadin dai ban taɓa gani ba. Suna ma ba a sa masa ba, Kare kawai muke cewa, shi kuma yana amsawa.

Ciwon daji ne ya ɗauke Inna. Ta ɓoye shi a ƙarƙashin zane, duk wanda ya ce mata ya jiki sai ta ce da sauƙi, har sai da ba sauran abin da likita zai iya. A lokacin na dawo gida da zama, kuma ban sake tafiya ba. Aminiyarta ita ce Hajiya maƙwabciyarmu, wadda katanga ɗaya gajera ta raba tsakar gidanmu da nata. Ta kan katangar nan suke miƙa wa juna gishiri da tsegumi. Kullum a jinyar Inna sai Hajiya ta miƙo farfesun kaza a wani kwanonta mai zanen furanni, kullum kuma kwanon ya koma wayam. Bayan rasuwar babu gidan suna ko na biki da ba ta faɗa ba: "Ƙawata ta ƙi abincin kowa, amma nawa ta ci shi har ranar da tab bar duniya."

Shekaru kaɗan bayan haka karen ya fara ɗigar da jini, wani tsiro ya fito masa a gaba. Na ɗauka Baba zai ce a kai shi bayan gari a saki. Sai ga shi ya naɗe shi a tsohon bargo, ya sa a bayan tsohuwar motarsa ta zamanin da yake aiki a kamfanin siminti na Kalambaina, ya ce in shiga in riƙe. A asibitin dabbobi likitar, wata mace mai fara'a, ta duba ta ce daji ne, amma irin mai jin magani. Za a riƙa yi masa allura ta jijiya mako-mako. Baba da ya ji sunan ciwon sai ya cire hularsa ya sake sawa, ya ce a fara yau.

Allurar kanta ba komai ba ce. Abin da ke biyo bayanta shi ne tashin hankali. Washegari sai amai, tun yana fitar da abinci har ya koma kumfa zalla. Sai ya je gindin randa ya kwanta inda ƙasa ke da sanyi, ga zafin Sakkwato na kafin damina wanda ko ƙadangare sai ya nemi inuwa. Muna jiƙa buhu muna shimfiɗa masa. Dogayen gashin bakinsa suka zube, fuskarsa ta koma ta wani tsohon da aka yi wa aski ba da sonsa ba. Likita ta ce maganin yana fita a amai da fitsari da kashi, kada a taɓa da hannu. Don haka Baba, mutumin da ban taɓa ganin ya wanke kofin shayinsa ba, ya koma yawo a tsakar gida da safar roba har gwiwar hannu, da shebur da bokiti.

Babbar matsalar ita ce abinci. Na dafa masa shinkafa da kaza, ba mai ba yaji, yadda aka ce. Ya shinshina ya juya mini ƙeya. Na kawo kifi, na kawo madara, Baba ya sayo tsire mai zafi, ni da nake 'yarsa ban samu ko tsinke ɗaya ba. Duk a banza. Haƙarƙarinsa suka fito ana ƙirgawa. Likita ta ɗora shi a sikeli, ta duba jininsa, ta gaya mana gaskiya: idan ya ci gaba da ramewa dole ta dakatar da allurar, idan ta dakatar kuma tsiron zai dawo.

A cikin wannan halin na shiga kemis ɗin unguwa neman maganin aman da likita ta ce a ba shi. Mai shagon ya tambaya na wa, na ce na mai karɓar allurar daji. Ya dafe ƙirji ya ce, "Subhanallahi. Allah shi ba Baba lahiya." To, wace 'ya ce za a yi wa ubanta addu'a ta ƙi cewa amin? Na ce amin na fito.

Kafin la'asar zance ya gama unguwa. Kuma komai ya tafi daidai da zancen. Ana ganin Baba yana fita da mota duk mako da sassafe, ya dawo fuska a murtuke. Ya rame, don tun da karen ya daina ci shi ma yake ture kwano. Sanƙonsa da yake nan tun kafin a haife ni, yanzu mutane ke kallonsa suna girgiza kai. A wurinmu kuma ba a tambayar babba me ke damunsa. Ya jiki kawai ake cewa. Baba kuwa ya amsa, "Da sauƙi, alhamdulillahi," yana mai dogaro da cewa duk wanda ya kai shekarunsa akwai inda ke masa ciwo.

Da magariba kwano mai furanni ya bayyana a kan katanga. "A ba Malam," in ji Hajiya. Baba ya buɗe, ya rufe, ya ajiye a ƙasa don ya je alwala. Da ya dawo sai ya tarar da murfin a gefe, karen da ko kai ba ya iya ɗagawa ya ja jiki tun daga gindin randa, ya tusa baki a ciki yana lasa kamar zai huda kwanon. Wallahi sai da na yi guɗa.

Na ce gobe in je in gaya wa Hajiya gaskiya. Baba ya ce, "Ki gaya mata mi? Ni nac ce mata ba ni lahiya?" Na ce to aƙalla a riƙa juyewa a kwanon karen. Aka juye, ya ƙi. Likita ta ce hakan na faruwa, kwanonsa yana tuna masa amai ne. Sayo sabo ma bai yi ba. Kwanon Hajiya kawai yake so. Sai Baba ya ɗauki aikin wanke shi sau bakwai, har da ƙasa, yana yi yana kawo mini hujjoji daga littattafai, ni da ban tambaye shi ba.

Da likita ta ji abin da yake ci ta yi murna, amma ta ce a cire albasa, tana cutar da jinin kare. Baba ya tsaya a bakin katanga ya yi gyaran murya. "Hajiya, likita ta hana albasa." Bai ce wa aka hana ba. Hajiya ta shelanta, kuma daga ranar Baba ya shiga uku. A Sakkwato, garin albasa, mai tsiren bakin titi ya daina zuba masa ko yanki. A masallaci aka kawo masa kujerar roba aka ce ya riƙa salla a zaune. Abokan majalisarsa suka hana shi azumin Litinin da Alhamis. Zuma da habbatus sauda da ruwan zamzam suka cika mana ɗaki. Wani tsohon abokin aikinsa ya taso tun daga Kalambaina da gora cike da nonon raƙumi haɗe da fitsarinsa, ya ce shi ne maganin daji, kuma ba zai tashi ba sai ya ga an sha. Ina leƙe ta labule Baba ya ɗaga kofi ya shanye, hawaye na bin gemunsa. Baƙon ma ya fashe da kuka. Ni na ruga gindin randa na toshe baki da mayafi, dariya ta kusa kashe ni a gaban karen.

Amma kare yana ci. Aman ya ragu zuwa kwana ɗaya ko biyu bayan allura, tsiron ya motse, ya fara kaɗa wutsiya idan ya ji motsin murfi. Likita ta ce saura allura ɗaya.

Sai wata Juma'a da hantsi Hajiya ta ga ya kamata ta zo dubiya da ƙafarta. Ta yi sallama ta shigo, ina wanki ban yi saurin tare ta ba. Ta tarar da marar lafiyarta tsugune da safar roba yana yayyaga naman kaza, kare kuma kansa tsundum a cikin kwanonta mai furanni, kwanon da take cin tuwo a ciki duk dare bayan mun mayar.

"La'ilaha illallahu! Malam, mi nika gani haka?"

"Hajiya, ina wanke shi sau bakwai."

"Sau bakwai! Ka wanke shi sau dubu mana! Ni nika tashi da asuba ina hiɗar kaza ina kuka, ashe kare nika yi wa bauta?"

Ta juyo kaina ta ce ni kuma ɗiyar ƙawarta, ban ji kunya ba. Ta fizgi kwanon da bakin mayafi ta fita. Ban ga laifinta ba, ko ni ce abin da zan yi ya fi haka.

Katanga ta zama wayam. Na sayo kaza na dafa yadda nake zaton tana yi, da daddawa da ɗan gishiri. Karen ya kalle ni ya koma gindin randa. Aka je asibiti, likita ta ɗora shi a sikeli ta ce ba za ta yi allurar ƙarshe a haka ba, a dawo idan ya ci.

Bayan la'asar ya je bakin katangar ya tsaya. Ban taɓa ganin ya roƙi kowa komai ba. Ya yi sallama, ba a amsa ba, amma muna jin ƙarar tsintsiya ta tsaya.

"Hajiya, na yi miki ba daidai ba, ki yahe mini. Amma akwai abin da ba ki sani ba. Wanga kare ba bana yaf fara ci cikin kwanonki ba." Ya dafa katangar. "Ƙawarki ba ta iya haɗiye komai a ƙarshe. Ko ruwa dawowa shikai. In kin miƙo, sai ta ce in kira mata shi bakin ƙofa, ta aje mishi da hannunta, don kwanon shi koma miki babu komai ki ji daɗi. Ta ce kar in hwaɗa miki. Ita ban samu ta ci ba, Hajiya. Shi ko shina ci."

Ni kaina ban taɓa sani ba, kuma a gidan nake kwana. Na zauna a kan turmi. Can sai muka ji daga bayan katanga an ja ƙofar ɗaki an rufe.

Washegari da hantsi na fito shanya sai na ga kwano mai furanni a kan katanga, da zafinsa. Na buɗe, babu albasa. Muryar Hajiya ta fito a dishe, irin ta wadda ta sha kuka. "Kar ku maido shi, na bar ma karen. Ku miƙo wani in riƙa zubawa, ku juye mishi a nashi."

Ya cinye tas. Mako na zagayowa aka yi allurar ƙarshe, kuma kamar kullum washegari ya kwanta gindin randa. Baba na tsaye da shebur da safar roba sai ga kan Hajiya ya leƙo ta katanga. Ta daɗe tana kallon karen.

"Malam, ya jikinai?"

Na jira in ji da sauƙi. Baba ya jingine shebur ɗin.

"Ya yi amai da sahe, kuma ƙahwahunai na baya na rawa. Ruwa kaɗan yas sha. Tsoro nika ji, Hajiya."

"To," in ji ta. "Bari in ɗora tukunya."