Bututun da Mannir Ya Haɗa wa Yayansa

Mannir mai gyaran waya ne a bakin kasuwar Tsafe. Rumfarsa ba ta wuce tebur da benci ba, sai kwali cike da matattun wayoyi da yake ciro kayan gyara a jikinsu. Ba shi da yawan magana. In ka kawo masa aiki, sai ya sunkuyar da kai kawai, hayaƙin dalma na tashi.

Yayansa Adamu ne ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu. Da gonarsu ta cikin daji ta gagara zuwa, Adamu ya koma niƙan dutse wurin masu haƙar zinare. Ya yi shekaru a gaban inji, yana dawowa gida fari fat. Tari ya fara shigarsa a hankali. Daga baya, ko alwala ya yi sai ya zauna ya huta.

Mannir ya kai shi asibiti a Gusau. Likita ya sa shi ya hura wata na'ura, ya duba hoton ƙirji, ya ce ƙurar dutse ce ta zauna a huhu, kuma ba ta fita. Ya rubuta maganin rage wahala, ya ce a riƙa kawo shi ana auna ƙarfin numfashinsa. To, hanyar ba kullum take biyuwa ba, kuma kowace tafiya sai ta kwantar da Adamu.

Sai Mannir ya ce bari ya haɗa tasa na'urar. Wani direba ya taho masa da ɗan allon lantarki mai ƙwaƙwalwa, irin wanda ɗalibai ke koyon haɗe-haɗe da shi. Ya yanko guntun bututun famfo, ya liƙa ƙwayar auna zafi a ciki, wadda ya ciro daga tsohon batirin kwamfuta. Lantarki zai ɗumama ƙwayar, iska in ta wuce ta sanyaya ta, allon kuma ya nuna lamba a ɗan gilashi. Ta farko ta ƙone. Ta biyu zafin rana ya riƙa rikita ta, sai da ya ƙara wata ƙwayar a waje. Ya gwada da fanka, ya gwada da famfon keke, ya gwada da bakinsa har kansa ya yi juwa.

Ranar da ya kai ta gida, Adamu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Wagga aba ita za ta warkar da ni?"

"A'a, Yaya. Gaya muna za ta yi ko maganin na aiki."

Adamu ya hura, lamba ta fito. Bayan sati ta ragu. Bayan wata ta ƙara raguwa. Mannir ya ce na'urar ce ta samu matsala. Ya kwance ta, ya sake liƙa wayoyin, ya hura da kansa. Lambar ta yi sama yadda ta saba. Ya daɗe zaune da bututun a hannu.

Ya buga wa likitan waya ya gaya masa. Likita ya saurare shi da kyau, sannan ya ce a ci gaba da magani, a yi ta addu'a.

Saude, matar Adamu, takan tare shi a zaure.

"Mannir, mi tac ce yau?"

"Da sauƙi, Yaya Saude," yakan ce, idonsa a ƙasa.

Wata safiya Adamu ya hura, lambar ko motsi ba ta yi ba. Ya ture bututun a hankali.

"Ƙanena, aje ta haka nan. Ni na san abin da ƙirjina ke ciki. Zo ka yi mani fifita."

Mannir ya ɗauki mafici ya zauna a gefensa.

Adamu ya rasu cikin damina. Bayan sadakar bakwai, abokan aikinsa na wurin inji suka fara zuwa rumfar ɗaya bayan ɗaya, kowa da tarinsa, suna roƙo a auna su. Mannir yakan wanke bakin bututun ya miƙa. In lamba ta fito, sai ya ce su daure su je Gusau, su kuma bar gaban injin nan.

Wani dattijo a cikinsu ya dube shi ya ce, "Malam Mannir, in mun bari, mi yara za su ci?"

Dattijon ya yi godiya, ya sa takalmansa, ya hau babur ya koma wurin aiki.