Rabin Gangar Taubashina

Ubana mahalbi ne, kakana ma haka, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Tun ina ɗan tatsitsi a ƙauyenmu na Damargu nake duban sawu in faɗa maka mace ce ko namiji, jiya ta wuce ko ɗazu. Da fari ya cinye mana bisashe, sai na hau kamiyo, babbar motar kaya, na bi masu zuwa Libiya. Lokacin kuɗin fetur na tashe, duk inda ka juya a Sabha gini ake yi. Ni ban daɗe a wurin gini ba. Na samu aiki a gonar wani Balarabe a wajen Tamanhint, muna ban-ruwan lemu da wata ciyawar dabbobi da suke kira safsafa. Haj muke ce wa mai gonar.

Haj mutum ne mai son naman barewa kamar ransa, amma ko sawun jaki bai iya bi ba. Ran da ya gane abin da na sani, ran nan matsayina ya canza. Kowace safiyar Alhamis sai ya fito da a-kori-kurarsa da bindiga, ya buɗe mini ƙofar gaba da hannunsa. Sauran ma'aikata a baya suke hawa kamar buhunan siminti, ni kuwa ina gaba, gwiwata kusa da tasa, in na ce dama ya yi dama. Shi ya yi mini takardar zama. In baƙinsa sun zo yakan kira ni ya nuna musu, ya ce ga idonsa. Zan faɗi gaskiya, wannan kujerar ta fi mini albashin daɗi. A ƙasar da kowa ke kiranka da "kai", ni kaɗai ake kira da sunana.

Sai na jawo wa kaina. Da kaina na sa aka rubuta wa taubashina wasiƙa, ɗan kawuna, na ce ya taho akwai aiki. Sa'ana ne, tare aka yi mana kaciya. Rago ne na ƙin ƙarawa, sai baki kamar zuma. Cikin wata biyu ya iya Larabcin da na yi shekara uku ina fama da shi, har yana ba Haj dariya. Takarda kuwa ba shi da ita. Kullum Haj na cewa gobe za a yi masa, goben ba ta zo ba.

Wata rana na tarar da shi yana tsaga gangar man gazuwal gida biyu da kurfi da guduma.

Na ce, "Taubashi, yau kuma aiki ka tuna? Ko makara kake yi wa kanka?"

Ya ce, "Kai dai bawana, zuba ido. Zan koya maka sana'ar ubanka."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Ashe ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ya wanke rabin gangar nan tas, ya ɗora a jaki ya kai wani kwari bayan tuddan rairayi, tafiyar awa guda daga gona. Kowace la'asar sai ya kai bido biyu na ruwa, wato jarka, da dami guda na safsafa, da dunƙulen gishiri. Mako uku yana wannan wauta, a ganina. A na huɗu ya raɗa wa Haj magana a kunne.

Ranar ni ma an tafi da ni, amma a baya. A baya, jama'a! Taubashina na gaba ya fito da gwiwar hannu ta taga. Aka ajiye mota nesa, aka shimfiɗa wa Haj darduma bayan wani tudu, har da butar shayi. Rana na yin sanyi sai ga su, bareyi biyar, suna tafe suna tsayawa. Babbar ta sa baki a ruwa. Haj ya halbe ta yana zaune, ya ƙara da ta biyu kafin su watse. Ya tashi ya rungume taubashina yana sumbatar kansa. Ni aka ce in yanka in feɗe.

Wallahi tun da nake ban taɓa jin abu ya tokare mini ƙirji irin na ranar ba. Hassada ce, ba wani suna gare ta ba. Amma a lokacin ban kira ta haka ba, sai na ce kishin sana'a ne.

Muna komawa ɗaki na tare shi. Na ce, "Ba ka ji kunya ba? A gidanmu ba a halbin dabba tana shan ruwa. Wanda ya zo ruwanka baƙonka ne. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, kai kuma ka mai da farauta yankan rago."

Ya ce, "To, ɗan mahalba. Ku da kuke bin ta da mota har numfashinta ya ƙare ta faɗi tana kumfa, wannan ne mutuncin? Tawa ta mutu da ƙoshi, ba ta ma san an yi ba. Kakanka da ƙafa ya bi ta ko da taya huɗu?"

Maganar nan ta fi komai ƙona mini rai.

Ran Juma'a na shiga gari, na je unguwar Mahadiyya wurin wani malami mutumin ƙasarmu da ke da shagon ɗinki. Na tsara masa zance tiryan-tiryan, ina so ya ce naman haram ne in kai wa Haj. Ya saurare ni bai daina taka keke ba. Ya ce in dai an ambaci sunan Allah an yanka, shi ba zai haramta ba, ko da yake ransa bai so a yaudari mai ƙishi da ruwa. Sai ya ɗaga kai ya dube ni ta saman tabarau.

"Malam, barewar ce ta dame ka ko ɗan'uwanka?"

Na ce barewa mana. Ya ce to Allah ya sa. Na fito kunnuwana na zafi.

A ƙasar nan kalmomi biyu ne muka fara koya. Akwai haram, abin da Allah ya hana, akwai mamnu, abin da hukuma ta hana. Haram ta ƙi ni, sai na koma ga mamnu. Na sha jin ana cewa farautar barewa ma gaba ɗaya mamnu ce, ana dai kau da kai ne. Ni a lissafina na ɗan ƙauye, in hukuma ta ji, za ta zo ta kife ganga, ta ja wa Haj kunne, shi ke nan a koma bin sawu, in koma gaba. Abin da ya yi laifi shi ake kamawa, haka na ɗauka. A shingen 'yan sanda na hanyar Tamanhint akwai wani da ya san fuskata. Na tsaya na haɗa masa Larabcina mai gurgunta: ruwa, barewa, bindiga, mamnu. Ya tambayi gonar wa. Na faɗa.

Bayan kwana uku 'yan sanda suka zo su biyu da hantsi. Haj ya tarbe su da fara'a, aka shimfiɗa tabarma a inuwar dabino, aka dafa shayi zagaye uku. Har cinyar barewa aka gasa musu, ni na hura wutar. Ba wanda ya ce a je a ga ganga. Da za su tafi, babban ya goge hannu, ya ce tun da sun zo ba za su koma hannu biyu ba, ma'aikata su fito da takardu. Na fito da tawa. Kowa ya fito da tasa. Taubashina ya tsaya yana murmushi yana duban Haj, Haj kuwa yana duban ƙasan kofinsa.

Suka ba shi minti kaɗan ya ɗauko kayansa. Na bi shi ɗaki, ina jiran ya dube ni ya gane. Bai gane ba. Ya tura rigunansa biyu a buhu, ya ba ni rediyonsa, ya dafa kafaɗata.

Ya ce, "Bawana, kar ka yi kuka, ai gida za su kai ni. Abu ɗaya dai. Akwai wata mai ciki da ke zuwa ita kaɗai bayan sauran, na hana Haj taɓa ta. Ka riƙa kai ruwan, kar ta zo ta tarar babu."

Na ce to. Me zan ce?

Alhamis ta zagayo, Haj ya buɗe mini ƙofar gaba. Na shiga na zauna. Bai tambaye ni dama ko hagu ba, hanyar kwarin ya miƙe, bido biyu na karo da juna a baya. Shekara biyu na ƙara a gonar, kuma ni na riƙa cika gangar kowace la'asar.

Taubashina na nan da ransa, mun tsufa a gari ɗaya. A wancan lokacin an riƙe shi wata biyu kafin a sa shi a mota, ya dawo da tarin da bai rabu da shi ba har yau. In jikokinmu sun taru yakan nuna ni da sanda ya ce, duk Libiya wannan bawan nawa ne kaɗai ya yi mini kuka.