Sunayen da Na Rantse Zan Ɓoye

A lokacin ni matashi ne mai rawar kai, ɗan wani ƙauye kusa da Kura. Ina gama jami'a na samu aiki da wasu malamai masu bincike kan rabon ruwan noman rani. Ni ne mai kula da bayanansu. Duk hirar da aka naɗa da manoma hannuna take zuwa, in tsara, in adana a kwamfuta, in ba kowane malami abin da ya shafe shi. Ƙa'idar ita ce a cire sunan manomi a sa lamba, takardar da ke nuna lambar kowa kuma ni kaɗai ke riƙe da ita. Har wani ji da kai nake yi saboda haka.

Da farko manoma sun ƙi sakin baki, don tambayar mai nauyi ce, wato ko suna jan ruwa a ranar da ba tasu ba. Akwai wani dattijo, aminin marigayi mahaifina, Baba nake ce masa, gonarsa can ƙarshen magudanar ruwa take. Ranar da aka je hira da shi ina wurin, sau biyu ya tambaye ni ko na tabbata sunansa ba zai fita ba, na rantse masa. Sai ya ce gaskiya idan tumatirinsa ya fara yaushi yakan tare ruwa da buhun yashi ya karkato shi gonarsa, don kafin layi ya zo kansa an shanye. Ganin Baba ya yi magana, sauran ma suka saki jiki.

Cikin malaman akwai wanda ya samo mini aikin, Yaya nake kiransa, kwano ɗaya muke ci. Wata rana ya ce lambobi sun hargitse masa, in ba shi takardar sunayen ya daidaita. Na san sai shugabar binciken ta sa hannu ake fitar da ita, amma kunya ta rufe mini baki, na tura masa ta waya. Ashe surukinsa ne shugaban kwamitin rabon ruwa na yankin. Ba a jima ba aka karanta sunayen waɗanda suka amsa cewa suna jan ruwa a taron kwamiti, aka hana su ruwa daidai lokacin da tumatir ke fure. Na je gonar Baba na ga fure ya zube, ganye ya bushe, na tsaya na rasa inda zan sa kaina.

Da na tunkari Yaya, ko a jikinsa. Cewa ya yi ai ɓarayin ruwa ne, kuma in na tayar da magana saƙona na nan a wayarsa, ni na turo da hannuna. Na gaya wa shugabar gaskiya, aka sallame ni. Shi kuwa yana nan, har yau raina na tafasa in na tuna fuskarsa.

Korar ba ta dame ni kamar haɗuwata da Baba a kasuwar Bunkure ba. Ya amsa gaisuwata, ya tambayi lafiyar mahaifiyata, sannan ya ce shi ba jami'a ya gaya wa sirrinsa ba, ɗan amininsa ya gaya wa.

Na gane cewa abin da nake adanawa amanar mutane ce, ba lambobi ba. Duk wanda aka damƙa wa bayanan jama'a, kada ya bari kunya ko zumunci su karya masa ƙa'ida. Ni kunyar Yaya na ji na minti ɗaya, ga shi har yau ba na iya haɗa ido da Baba.