Ranar da Na Yanke Wayar Gem

Ni ɗan fari ne, kuma a danginmu ɗan fari ba ya zama gaban uwarsa. Ana yaye ni Goggo, yayar Baba, ta goya ni ta tafi da ni Gummi. Can na yi wayo, can na shiga firamare. Anka, inda aka binne cibiyata, sai da dogon hutu nake ganinta. Inna kuwa kunyata take ji kamar yadda al'ada ta tanada: ba ta kama sunana, ba ta haɗa ido da ni, in magana ta biyo ta kaina sai ta ce "ɗan Goggo". Manya suna yaba mata, wai mace ce mai kara. Ni dai ban ga abin yabo ba.

Hutun da na gama aji biyar na iso gida na tarar ƙanena ya zama sarkin unguwa, saboda gem, na'urar wasan talabijin. Baba gyaran rediyo yake yi a bakin kasuwa, sai wani direba ya kawo masa na'urar cikin tarkacen gwanjon Kwatano, shi kansa bai san amfaninta ba. 'Yar ƙarama ce, fari da ja, farin ya dafe kamar haƙoran mai cin goro. Rubutun jikinta ba boko ba, ba ajami ba. Baba ya kwance ta, ya leƙa cikinta, ya ce daga Japan take.

"Wagga aba ta girme ku duka," in ji shi. "Ɗiyan Japan sun yi wasa da ita har sunka gaji, sunka yi gemu, kahin ta iso muna."

Kwana uku ya yi yana murɗe-murɗe a bayan talabijin ɗinmu baƙi-da-fari kafin hoto ya tsaya, don ba don irin wutarmu da akwatunanmu aka ƙera ta ba. Ya haɗa su duka da batirin mota a rumfar tsakar gida. Bayan 'yan shekaru jabunta na ƙasar Sin sun cika kasuwar Gummi har yara suna raina su, amma a lokacin ban san gidan da ke da irinta ba sai namu. Kaset ɗaya gare ta, na wani ɗan jirgi mai harbi, kuma sai an hura masa iska kafin ya yarda ya kama.

Hannu biyu gare ta, kowanne da wayarsa a dashe cikin jikinta, ba a cirewa. Na farko shi ke da maɓallin tayar da wasa da tsayar da shi. Na biyu ba shi da wannan iko, sai dai an yi masa 'yan huji-huji, in ka yi magana a ciki muryarka ta fito ta talabijin.

Ina zama Inna ta ce da ƙanena, ba tare da ta dubi inda nake ba, "Kai, miƙa ma ɗan Goggo na hwarko. Baƙo na, kwana nawa za shi yi?"

Ya miƙo yana zumɓura baki. Yaran unguwa suka dube ni da sha'awa, ni kuwa kalmar baƙon nan ta tsaya mini a rai. Ga shi ban iya ba. Jirgina ba ya minti guda a sama sai an kakkaɓo shi, sannan in zauna riƙe da hannun manya ina kallon ƙanena yana ta ɓarin wuta, harshe a waje. Ba ƙwarewarsa ce ta fi ci mini rai ba. Duk sanda Inna ta gitta da faifai ko muciya sai ta dungure masa kai, ta ce zai makance, ta ce ya zama malalaci, ta ja kunnensa har ya yi ƙara. Ni in ta zo daidai inda nake sai ta kewaye ni kamar yadda ake kewaye shanyar hatsi. Kishi nake yi, kishi mai zafi, na yaron da ake zagi.

Wata rana da hantsi ƙanena ya lallaɓi Inna, yana miƙa mata hannu na biyu.

"Inna, don Allah yi magana nan ki jiya."

Ta ce ba ta son shashanci, amma ta goge hannu a zani ta karɓa. Ta kai hujin bakinta, ta kira sunansa, cikakke, ta ce ya tashi ya ɗebo mata ruwa. Muryarta ta fito ta talabijin, ƙatuwa, tana kwarmata sunansa ga duk unguwa. Yara suka kwashe da dariya, ita ma ta yi har tana rufe baki da gefen mayafi. Na yi jira ko za a ce saura ni. Ta ajiye hannun ta koma bakin murhu.

Washegari bayan azahar, Baba yana kasuwa, ƙanena ya tafi kai wa akuyoyi dusa, na ɗauko filayar Baba. Ban ɓuya ba. Inna tana tankaɗe a ƙofar ɗakinta, taku biyar tsakaninmu. Na ɗaga wayar hannu na biyu sama yadda za ta gani da kyau, na datse ta. Na san ta gani, don rariyar ta tsaya a hannunta. Na gyara tsayuwa, na shirya bayana, gabana yana faɗuwa da wata irin murna. Sai ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tankaɗenta.

Ƙanena ya dawo, ya ga waya a guntule, ya fasa ihu. Kafin ya rufe baki Inna ta zaro tsumagiya daga danni ta cafke shi.

"Sau nawa nic ce ka riƙa ɗauke ta in ka ƙare? Kai ka bar ta ƙasa!"

"Ni na!" na ce. "Inna, ni niy yanke ta! Kin gani da idonki!"

Wannan ne karo na farko da na ɗaga mata murya. Hannunta ya tsaya a sama kaɗan. Sannan ta juya mini baya sosai, ta ƙara masa biyu, ta shige ɗaki ta saki labule.

Baba ya dawo ya ji labari. Ya ɗora ƙarfen dalma a garwashi, ya haɗa wayar kafin la'asar, ya naɗe ta da baƙin salatif. Gem ta ci gaba da aiki kamar ba a yi ba.

Na sami ƙanena a bayan rumbu yana jan majina. Na ɗauka zai zage ni, amma sai ya ɗaga hannun rigarsa ya nuna mini shatin tsumagiya uku, sun kumbura a damtsensa.

"Kai dai ka more, Yaya," ya ce. "Ko mi kay yi, Inna ba ta taɓa ka."

Na ce ya bari in taɓa. Na ɗora yatsa a kan shatin, na ji shi da ɗumi. Ya ce in yi a hankali, akwai zafi. Na ce masa ban sani ba.