Ranar da Na Yaba wa Likita Kulle

A gidanmu na Yendi, wanda matarsa ba ta taka kasuwa shi ake kira cikakken mutum. Da wannan na tashi, da shi kuma na koma Bawku ɗinki bayan samun mulkin kai, tare da matata 'yar Salaga, wadda ta buɗe ido cikin huhunan goro. Ita so take ta kasa goro a kasuwa. Ni kuwa na kafe sai kulle, alhali ɗakin haya ɗaya gare mu, ko zaure babu, ruwa ma sai ta fita ta ɗebo.

Akwai wata likita Baturiya, Bayahudiya, da nake ɗinka wa gidajen sauro na asibiti. Tana jin Hausar zango daidai gwargwado. Wata rana na tarar da ita tsaye cikin tsakar rana ko hula babu, na ce ta shiga inuwa. Ta ce inuwa ta ishe ta, don lokacin yaƙin Turai, tana budurwa, ita da uwarta da ƙannenta sun yi kusan shekara biyu a ɗaki, ko ƙofa ba su leƙa ba.

Na ce, "Masha Allah! Ashe gidan mutunci kika fito."

Ta dube ni, za ta yi magana ke nan aka kira ta ɗakin haihuwa. Na dawo gida ina cika baki.

"Kin ji? Har Yahudawa kulle suke yi, ga ta yau likita."

Matata ta ce, "Malam, 'yar kulle ce ke tuƙa mota har Zebilla? Kai ni in ji da kunnena. In haka ne, na bar maganar goro."

Na kai ta, har da sa babbar riga kamar mai zuwa karɓar kyauta. Likita ta ba mu kujeru. Ta ce sojoji ne ke bi gida gida suna kwashe Yahudawa. Wata maƙwabciya ta ɓoye su a wani lungu bayan kabad. Da rana ba magana, ba takalmi, mai tari sai ya cusa fuska cikin matashi. Ubanta ya fita nemo wa ƙanenta magani, bai dawo ba.

"Ba ibada ne ba, maigida," in ji ta. "In mun fita, a kashe mu."

Na rasa inda zan sa idona. Matata ce ta tambaya, "Uwar ɗakina, to abinci fa?"

"Matar nan. Kullum tana kasuwa. Ta saya kaɗan nan, kaɗan can, don kada a gane bakuna sun yi yawa a gidanta."

Ya kamata in nemi gafararta a wurin. Maimakon haka sai na ji bakina yana tambaya ko gidajen sauron sun yi daidai da gadaje. Har ta bar garin ban sake tayar da zancen ba, kuma abin yana damuna har yau.

Muka kama hanyar gida. Sai da muka kai bakin ƙofa matata ta ce, "Malam, jibi kasuwa ke ci."

Na ce, "Na sani."

"Huhun yana da nauyi."

Ni na ɗauka mata.