Kilim Mai Doki Uku

A shekarar da aka ƙara mini girma a wurin aiki, farkon shekarun dubu biyu, na yanke wa kaina hukuncin cewa na wuce shan iskar fanka. Gidanmu na unguwar Amriguébé a N'Djamena gidan gado ne. Kakana ya gina shi lokacin da ya yada zango a hanyarsa ta zuwa Makka, bai kuma tashi daga zangon ba har Allah ya karɓi ransa. Ɗakina yana gefen yamma, ginin tubalin ƙasa, rufin kwano. A watan Afrilu, tsakanin azahar da la'asar, in ka shiga ciki sai ka ji kamar an kifa maka tukunya. Fankar sama tana ta juyi, amma zafin kawai take kwashewa daga wannan kusurwa ta kai waccan.

A ofishin shugabanmu kuwa akwai na'urar sanyaya ɗaki, wadda duk gari ke kira kilim. Duk sanda na kai masa takarda sai na ƙirƙiro tambayar da na san amsarta, don dai in ƙara minti biyu a ciki.

Akwai wani dattijo mai gyaran firji a bakin kasuwar unguwarmu, mutumin Damagaram, kowa Usta yake ce masa. Na je na faɗa masa buƙatata. Bai ba ni amsa ba sai da ya biyo ni gida da abin awonsa. Ya auna tsawo da faɗi, mita huɗu da uku, ya ɗaga kai ya dubi rufi, ya tambayi ina taga ta fuskanta da mutum nawa ke zama a ɗakin.

"Doki ɗaya ya ishe ka, Malam," ya ce. Da doki ake auna ƙarfin kilim a wurinmu.

"Ɗaya tak? Na shugabanmu uku ne."

"Ofishinsa ya kai ɗakin nan nawa?"

Ya kai huɗu, amma ban faɗa ba. Na yi masa godiya, na raka shi ƙofa, ina cewa a zuciyata tsohon nan ya raina ni ne. Na ɗauka zafin N'Djamena ya fi ƙarfin lissafin mai gyaran firji.

Bayan kwana biyu wani abokin aikina ya kai ni unguwar Goudji, wurin wani mai sayar da tsofaffin kayan ofis. A can na ga wani kilim a ƙasa, fari, ƙato, kamar akwatin lefe. Doki uku cif. Ban ko nemi shawarar kowa ba. Majiya ƙarfi huɗu suka ɗora shi a amalanke, na bi su a babur a hankali, ina amsa gaisuwar mutanen unguwa da ɗaga hannu.

Sai da magini ya fasa kusan rabin bangon kafin wurin ya ɗauke shi. Mahaifiyata tana zaune gindin darbejiyar tsakar gida tana tsince shinkafa, ta dubi ramin ta ce, "Ƙofa ta biyu kake yi wa ɗakin?"

"Kilim ne, Inna."

"To, Allah ya sa alheri."

Usta ne ya zo ya haɗa waya. Ya zagaya na'urar sau ɗaya, ya karanta rubutun jikinta. Da ya gama ya tambaye ni ko na san ƙarfin mitar wutar gidanmu. Na ce masa mita ai mita ce. Ya tattara kayansa ya tafi.

Ranar Juma'a na gayyaci abokan aikina biyu da yayana cin abincin rana. Yayana yana noman kayan lambu a Walia, a bakin kogi, ya zo da manyan kifaye, matata ta yi miyarsu da shinkafa, ta haɗa karkanji, wato zoɓo, ta sa a firji. Bayan an sauko daga masallaci na shigar da su ɗaki, na rufe ƙofa da taga, na ce kowa ya zauna. Sannan na murɗa maɓalli.

Abin ya yi gurnani, ƙwan fitila ya yi ja, sai muka ji ƙas daga zaure. Wutar gidan gaba ɗaya ta ɗauke. Rediyon Inna ya yi shiru a tsakiyar wa'azi. Na fita da sauri na ɗaga makunnin mita, na dawo na sake murɗawa. Ƙas. Sau uku ina wannan safa da marwa cikin babbar riga, gumi na bin bayana, baƙina suna zaune a rufaffen ɗaki suna fifita da hulunansu. A ƙarshe sai da na cire firji da talabijin da fankar ɗakin Inna, sannan mitar ta haƙura.

Sanyi ya zo, ba ƙarya. Minti biyar na farko na ga aljannar duniya, har na jingina da bango ina kallon fuskokinsu. Kafin mu kai rabin faranti man miyar ya daskare a kan shinkafa. Na'urar sai ta tsaya cak, ɗakin ya yi wani irin danshi kamar cikin randa, sannan ta sake tashi da girgizar da ke zubo mana ƙasa daga bango. Yayana, wanda yake wuni cikin rana tun yana saurayi, ya naɗe ƙafafu cikin rigarsa.

"Ƙanena," ya ce, "ko akwai bargo kusa?"

Na yi dariya, shi bai yi ba. Ya ɗauki farantinsa ya ce zai je ya gaida Inna. Abokan aikina ma suka tuna ba su gaishe ta da kyau ba. Na zauna ni kaɗai da dokina uku, ina cin shinkafa mai sanyi, ina jiyo dariyarsu daga gindin bishiya. Karkanjin ma da ɗuminsa suka sha, tunda na kashe firjin.

Mako uku na yi ina taurin kai. A gidan aka shiga sabon tsari: in kilim zai yi aiki, firji ya huta. Ruwan sanyi ya ƙare, nama ya lalace mana sau biyu. Na kamu da mura a tsakiyar bazara, ina atishawa a ofis, masu tambaya ina ce musu sauyin yanayi ne. Ruwan da na'urar ke ɗigarwa ta baya ya jiƙa gindin bangon har ƙasa ta fara saɓulewa. Matata ta kwashe tabarmarta ta koma rumfa da rana. Wata Asabar ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta ko shigo ba.

"Malam, bangon nan na kakanka ne. In ya faɗi, kai za ka yi wa Inna bayani."

Da yamma na koma wurin Usta. Na daɗe ina gaisuwa, na tambayi iyali da mutanen Damagaram ɗaya bayan ɗaya, kafin na iya cewa kilim ɗin yana da 'yar matsala.

"Lafiyarsa lau," ya ce. "Ɗakin ne ya yi masa kaɗan. Kafin ya tsotse danshi ya riga ya sanyaya wurin, sai ya mutu, sai ya tashi. Tashin nan ne ke kayar da mitarka."

Na jira ya tuna mini abin da ya faɗa tun farko. Bai yi ba, wannan kuwa ya fi yi mini ciwo. Ya ce akwai wani mai shagon magani da ke neman babba, yana da ƙarami mai doki ɗaya, in na yarda a yi musaya. Na yarda tun kafin ya rufe baki.

Ƙaramin ya yi aiki shekara da shekaru, shi da firji lokaci guda, a duk ranar da aka ga damar kawo wuta. Sai dai ramin da na fasa ya ninka shi uku. Kafinta ya cike gefe da gefe da katako, na'urar ta zauna a tsakiya kamar hoto a firam. In baƙo ya tambaya, nakan ce masa dabara ce ta hana bango ɗaukar zafi. Yawanci kafin ya gama gyaɗa kai matata take ba shi ainihin labarin daga madafa.